Tafin Hannu a Kan Katifa

Ni dai ba na yarda da majinyaciyar da wani ke amsa mata tambaya. Wannan halin ya jawo mini suna a asibitin da nake horon ƙwarewa kan haihuwa da lafiyar mata, har Sista Lucia, shugabar nas-nas ta ɗakin masu ciki, takan ce da ɗan sanda na shiga da tuni na zama kwamishina. Lokacin Abuja na ta kumbura, ko'ina gini, kowa da sabuwar wayar salula a hannu, mu ma an kawo mana na'urar hoton ciki mai tsada. Sai manyanmu suka koma kallon allon na'ura fiye da fuskar mai ciki, abin da ke ba ni haushi ke nan.

Wata safiya na tarar da Hasana a gadon kusa da taga. Daga wani ƙauye bayan Bwari aka kawo ta, cikinta ya wuce lokaci. Abokin horona Dakta Leonard ne ya karɓe ta, ya ce cikin fari ne, komai lafiya, sai dai ta ƙi yarda ya duba ta ta ƙasa. Kunya ce, in ji shi. Babban likitanmu Dakta Enoch ya riga ya ba da umarni a sa mata ruwan naƙuda da zarar ya gama zagayen safe.

A gefen gadon akwai wata tsohuwa, uwar mijinta, ta kafa kujera kamar da ita aka gina ɗakin.

"Hasana, kin taɓa haihuwa?" na tambaya.

"Na fari ne," in ji tsohuwar.

"Ɓari fa?"

"Ta taɓa aure can garinsu, bai daɗe ba, ba a samu rabo ba. Likita, ku dai duba ta da kyau."

"Mama, ita nake tambaya."

Hasana ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. Raina ya ɓaci. Na sha ganin irin wannan, uwar miji ta zauna a kan bakin yarinya don a sallame su da wuri, kada a ambaci tiyata. Na sa wa tsohuwar ido, ita ma ta sa mini.

Ina shirin wucewa sai Hasana ta miƙe za ta banɗaki. Kafin ta ɗaga ƙafa, ta kai hannu baya ta shafa katifar da tafinta, daidai inda ta zauna, ta saci kallon hannun, sannan ta tafi. Na san wannan shafar. A cikin horonmu an tura ni wata cibiya a Arewa inda ake yi wa mata ɗinkin yoyon fitsari, raunin da doguwar naƙuda ke bari. Matan can ko an ɗinke su sun warke sarai, hannunsu ba ya mantawa, duk inda suka tashi sai sun taɓa su ji ko da lema. Kuma kowace ana sallamarta da gargaɗi guda: in ta sake samun ciki kada ta yi naƙuda, a ciro ɗan ta tiyata, in ba haka ba ɗinkin na iya farkewa ta koma gidan jiya.

Na samu Leonard a baranda yana latsa sabuwar wayarsa.

"Haba Rakiya, kin fara ko?" ya ce. "Don mace ta taɓa katifa? Oga ya riga ya yi magana. Ni ba zan je in ce masa ya yi kuskure ba."

A wurinmu mai koyo ba ya warware maganar babba, balle ni da nake jiran sa hannunsa kafin in zauna jarrabawar ƙarshe. Amma ga Sista Lucia can ta rataye ledar ruwan a jikin ƙarfe, jira kawai take.

Na koma na ce wa tsohuwar ta ba mu wuri. Na ɗauka za ta yi gardama, har na shirya mata amsa mai zafi. Sai ta tashi ba musu, abin da ya ƙara mini zargi. Na ja labule.

"Hasana, daga ni sai ke. Ni mace ce 'yar'uwarki. Bari in duba."

Ta kalli silin, sannan ta gyara kwanciya. Yatsana bai yi nisa ba na ji shi, tabon ɗinki mai tauri a bangon gaba, aikin hannun gwani. Ta damƙe mini wuyan hannu.

"Yaron auren farko bai zo da rai ba," ta ce da raɗa. "Na yi shekaru ina wari, ko tabarma ba a haɗawa da ni. Nan ba wanda ya sani. Don Allah Likita kada Inna ta ji."

"Shi ne za ki bari a sa miki ruwan naƙuda?"

"A gabanta ake tambayata kullum. Ta yaya zan faɗa?"

Gaskiyarta ce, mu ne muke tambayar mace sirrin jikinta surukarta na zaune.

Da Dakta Enoch ya iso da ayarin ɗalibai a bayansa, tsohuwar ta riga ta koma kujerarta. Nan Turanci ya yi mini rana. Na rage murya na zayyana masa abin da na gani da abin da na taɓa, ban saka kalmar Hausa ko ɗaya ba. Ya dube ni ta saman tabarau har na ji jarrabawata na sulalewa. Sannan ya sa safar hannu, ya nemi izinin Hasana, ya duba da kansa a bayan labule.

"Sista, sauke ruwan nan," ya ce da ya fito. "A shirya ɗakin tiyata. Rakiya, ke za ki yi, ina tsaye." Leonard ya shiga neman wani abu a aljihunsa.

Saura tsohuwar. Na ce mata hanyar ta yi wa yaron ƙunci, tiyata ta fi. Ba ƙarya na yi ba, rabin gaskiya na faɗa. Ina jiran ta ce sai an kira ɗanta, ko a gida kowa ke haihuwa. Ta ce kawai, "To, Allah ya ba da sa'a."

Kafin azahar na ciro yarinya mai ƙarfin kuka, ɗinkin Hasana kuma ko gezau. Na fito na sami tsohuwar a kan bencin ƙofar tiyata tana jan carbi. Na yi mata albishir, amma zargina bai kwanta ba.

"Mama, asibitoci nawa kuka wuce a hanya kafin nan? Me ya sa sai wannan?"

"Ɗana ma haka ya tambaya," ta ce. "Na ce masa nan ne manya suke. Tun ranar da aka kawo ta gidana nake kallonta, 'yar nan. Abin da ba ta faɗa mini ba, ba ni zan faɗa mata a gaban mutane ba. Na dai ce ku duba ta da kyau."

Ta dafa gwiwa ta miƙe za ta ga jikarta. Kafin ta taka, hannunta ya koma baya shi kaɗai, ya shafa bencin daidai inda ta zauna. Ta ga na gani.

"Nawa an ɗinke shi tun kafin a haife ki," ta ce. "Kada ki gaya mata, za ta ji kunya."