Hoton Surukar Ya'ƙub

"Fanka ɗaya, mai tsayuwa, ka bar mini wannan tarkacen," in ji Tarig.

"Khalas, na yarda," Ya'ƙub ya ce, ya miƙa hannu tun kafin mutumin ya sake shawara.

Tarig tsofaffin kayan lantarki yake sayarwa a kasuwar Ataba. Tarkacen kuwa 'yar kyamarar wasan yara ce mai ido kamar ƙwallon goriba, wadda ake cusawa a na'urar gem ta hannu. Hoto talatin take ci, baƙi da fari, dishi-dishi, mutum da tulu duk ɗaya. Shekara ashirin da ɗoriya tana ƙasan akwatin gidan Ya'ƙub, tun daga Sudan.

Ya ɗauko fanka a ka har unguwarsu, Ainu Shams, yana dariyar wautar Tarig.

Matarsa Bakhita ta dubi fanka, ta dubi akwati a buɗe.

"Malam, ina kyamara? Hoton marigayiya Inna yana ciki. Shi kaɗai gare ni a duniya."

Gumi ya karyo masa, ga fanka tana juyawa.

"Ai wanko miki shi na kai a yi."

Washegari da safe ya koma. Ya tarar da layi a rumfar Tarig, 'yan jami'ar Giza, kowa da waya mai ido uku a aljihu, suna jiran a ɗauke su hoto a dishi-dishi da kyamarar. Wata Samah, da ba ta kai kyamarar shekaru ba, tana cewa abin yana tuna mata da zamanin da.

"Hoton tsohuwa fa?" Ya'ƙub ya tambaya.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajj. Na goge duka, wuri nake nema."

Ya'ƙub ya zauna a kan wata matacciyar talabijin. Tarig ya daɗe yana kallon fuskarsa.

"Tsohuwar tana da dogon hanci?"

"Kamar nawa."

"To yalla, ga wanzami can."

Gashin bakin da ya yi shekara talatin yana murzawa ya zube a ƙasa. Aka aro mayafi wurin mai shayi, aka naɗa masa. 'Yan jami'a suka tafa, sun ɗauka fasaha ce. Tarig ya ɗauka, ya wanke, ya sa a firam.

Bakhita ta riƙe hoton ta yi kuka mai isarta. Sannan ta ɗago ta dubi leɓen mijinta, fes kamar na jariri.

"Allah sarki Inna. Har tabon goshinka gare ta."

Ta rataye shi a falo, ta ja fanka ɗakinta.

Tarig ya ci riba, ga kyamara ga layi. Bakhita ta sami fanka da abin nuna wa baƙi. Ya'ƙub ya rasa gashin baki, kuma kullum da safe sai ta tsayar da shi gaban hoton, ya yi wa kansa addu'ar neman gafara, ita tana cewa amin.