Ranar da Aka Sauko da Inna ta Sama

Tun ranar da gobara ta cinye benen da ke tsallaken titi, Ciyaman bai sake hawa matattakalar gidansu da kwanciyar hankali ba. Da rana tsaka abin ya faru, yana tsaye cikin 'yan kallo. Kowa ya tsira, ban da wani dattijo mai ciwon ƙafa da ke hawa na sama. 'Ya'yansa sun yi ta kutsawa, hayaƙi yana koro su. Ciyaman ya juya ya ɗaga kai ya dubi nasu benen, can ƙololuwa, inda wata taga take da shuɗin labule. A bayan labulen nan mahaifiyarsa take, kuma rabonta da ƙasa tun shekarar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Ciyaman ɗin nan fa ba wani ciyaman ba ne na a-zo-a-gani. Masu haya ne suka ɗora masa maganar famfo da shara, sunan ya bi shi, har matarsa ma da shi take kiransa in tana jin tsokana. Mutum guda ce ba ta taɓa furta shi ba, wato tsohuwar da duk gidan ke kira Inna ta Sama. A wurinta shi Auta ne, da furfurarsa da tumbinsa.

Washegari ya tara maƙwabta, ya ce su bi matattakalar tare, daga sama har ƙasa, su duba ta da idon wanda wuta ta koro. Kai, abin da suka gani! Tela ya girke tsohon keken ɗinkinsa a kwanar hawa na biyu. Wani ya jingine katifa. A ƙarƙashin matattakalar, daidai inda kowa zai bi ya fita, Direba ya jera jarkokin fetur kusa da janareta. Ƙofar baya kuwa an datse ta da kwado, mabuɗin ya bi wani ɗan haya da ya tashi tuntuni.

"Wannan keken da shi na fara sana'a," in ji Tela.

"To, ka kai shi ɗaka ka yi ta kallonsa," in ji Nas, ma'aikaciyar asibitin da ke zaune a hawa na ƙasa. "Ni na ga waɗanda aka kawo mana jiya. Kada ka sa in faɗa maka yadda suke."

Daga nan babu wanda ya ƙara musu. Aka kwashe tarkace, aka mayar da fetur wani ɗaki a can bayan gida, Mai Walda ya yanke kwadon. Aka ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe wuta a kowane hawa. Mai Walda ya rataye tsohon ƙarfen tayar mota a bakin ƙofa, aka yi magana ɗaya: in an ji an kaɗa shi, kowa ya saki abin da ke hannunsa, ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa, ya sauko ta jikin bango, a haɗu a gindin bishiyar tsakar gida.

Ranar gwajin farko an sha dariya. Matar Tela ta koma ɗauko tukunyarta, Direba ya sauko rungume da talabijin kamar jariri. Amma dai an sauko. Jama'a suka cika gindin bishiya suna tafi, Ciyaman yana tsakiya, ƙirjinsa ya cika fam, yana ji kamar shi ya gina benen. Sai Nas ta matso ta ce a hankali, "Ciyaman, saura mutum ɗaya."

Ai ya sani. Kafin ya buɗe baki, shuɗin labule ya motsa, murya ta sauko daga sama, tar da ita.

"Auta! In kun gama tafin, a turo min ruwa. Wadda ta ƙone tana jin ƙishi."

Tafi ya mutu nan take. Ciyaman ya hau sama da kofin ruwa a hannu, ya durƙusa a gaban gadonta.

"Inna, ki yarda mu riƙa saukowa da ke."

"A'a."

"In wutar gaske ta zo fa?"

"Ka fitar da 'ya'yanka. Ni na ci zamanina."

"Wallahi, Inna, ba zan sauka in bar ki ba. In kin zauna, na zauna."

"Kada ka kawo min maganar banza," ta ce, ta kawar da kai.

Ya san dalilinta, kuma dalilin yana ci masa rai. Matar nan da ƙafarta ta yi kasuwancin atamfa, tana hawa benen nan da dila a ka ba ta ko haki. Ranar da aka dawo da ita daga asibiti, a cikin bargo aka ɗauko ta, maza suna nishi, zanenta ya zame a kwana, maƙwabta suna leƙe ta bakin ƙofa. Da aka kwantar da ita ta ce ba za a sake ɗaukarta a gaban jama'a ba sai ranar da ba ta san ana yi ba. Inna kuwa ba ta magana biyu.

Duk da haka Ciyaman bai haƙura ba. Ya sa Mai Walda ya ƙera kujerar ƙarfe mai mariƙi gaba da baya, Nas ta nuna inda za a sa ɗamara, Tela ya ɗinka mata matashi da wani mayafi mai maɗauri da zai rufe ƙafafu ruf. Tunda mai kujerar ta ƙi, sai suka cika buhu da yashi suka ɗaure a kai, suka riƙa gwada saukowa da shi da yamma. Direba, da ba ya rabo da shaƙiyanci, ya ɗaura wa buhun ɗankwali ya raɗa masa suna Inna.

Abin bai zo da sauƙi ba. Kwanar matattakalar matsattsiya ce, kullum sai kujerar ta daki bango. Ran nan ma ta suɓuce musu gaba ɗaya, ƙarar ta karaɗe gidan. Inna ta kira surukarta, matar Ciyaman.

"Ke, me suke ta fasawa a waje?"

Matar Ciyaman ta yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ta faɗi gaskiya, har da ɗankwalin.

"Buhu?" in ji Inna. "Ni aka mayar buhu?"

"Ai ke kika ƙi, Inna."

"Yanzu ƙarar nan da na ji, ni ce na faɗi?"

"Eh to... kin ɗan faɗi."

"Da na faɗi, me buhun ya ce musu?"

"Haba Inna, buhu ai ba ya magana."

"Shi ya sa suke ta yar da shi." Inna ta juya zoben hannunta. Can ta ce, "Buɗe akwatin can na ƙasa. Ciro min leshin nan ruwan zuma, ki sa a goge. Ki kuma gaya wa mijinki, ran gwaji na gaba ya kwance wancan abin daga kujerata."

Da ranar ta zo, Mai Walda ya kaɗa ƙarfe, gidan ya ɗauka. Ciyaman da Direba suka shiga ɗakin, suka tarar da ita a shirye tsaf, ta sha leshi, ta kafa ɗauri, har da turare. Suka ɗora ta a kujera, Nas ta ɗaura mata ɗamara ta rufe ƙafafun da mayafin Tela. Inna ta shafa maɗaurin, ta ja shi da ƙarfi ta ji bai motsa ba, sannan ta ce, "Mu je."

Tun a matakin farko ta fara aiki.

"Tsaya. Wa ya ce gajere ya riƙe ƙasa? Duk nauyina a kansa yake, ni kuma ina kallon rami. Direba, kai ne dogo, koma ƙasa. Auta, dawo bayana. Ku kwantar da ni baya kaɗan. Yawwa."

A kwana, inda buhu ya saba cin bango, ta daka musu tsawa. "Kada ku juya tare! Na ƙasa ya tsaya cak, na sama ya zagayo. Auta, ɗaga hannunka na hagu, gwiwata za ta gogi bango."

Kujera ta wuce sumul, ko ƙwarzane babu. Direba ya ce, "Ikon Allah!" Inna ta ce ya rufe baki ya dubi gabansa. Ciyaman yana riƙe da ƙarfen, gumi yana shiga masa ido, yana kallon ƙeyar mahaifiyarsa da ɗaurin nan a tsaye ƙyam, sai ya ji wani alfahari ya kama shi. Wannan ce uwarsa. Maƙwabta suna wucewa ta jikin bango kamar yadda aka tsara, babu mai tukunya, babu mai talabijin, kowa ya zo daidai ita sai ya russuna ya ce, "Sannu, Inna," ita kuma tana amsawa da ka kamar mai duba 'yan aikinta.

Suka dire ta a gindin bishiya. Nas ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga murya ta ce, "Kowa ya fito!" Wannan karon tafin har tsallaken titi.

Aka zauna bitar yadda abin ya gudana, kamar yadda aka saba bayan kowane gwaji. Ciyaman ya gyara murya zai fara, Inna ta riga shi. Ƙarar ƙarfen ba ta isa ɗakunan baya na sama sosai, a rataya wani a can. Bokitin yashin hawa na biyu ya cika fitowa hanya, a matsar da shi lungu. Kujerar kada a ƙara ajiye ta a shagon Mai Walda, a bakin ƙofarta za ta riƙa kwana. Kuma in Auta da Direba ba sa gida fa, wa zai ɗauke ta? A koya wa wasu, har da mata. Nas tana ta gyaɗa kai, Tela ya ce wallahi da Inna aka ba ciyaman tun farko da an huta.

Sai kuma Inna ta ɗaga kai tana kallon bishiyar. Lokacin da aka hau da ita a bargo, bishiyar nan ba ta fi tsayin mutum ba, yanzu ga ta ta yi rassa har tana ba jama'a inuwa. Ta sa hannu ta kwance mayafin da kanta, ta ce wa surukarta ta cire mata takalmi. Matar Ciyaman ta kama ƙafafun ta sauke su a hankali, ta ɗora tafinsu a kan ƙasa. Inna ta daɗe a haka, rana tana taɓa mata fuska ta tsakanin ganye.

Ciyaman ya ji kunya ta rufe shi. Duk shekarun nan yana kai mata abinci da magani, yana ganin ya cika ɗa, bai taɓa tunanin ƙera kujera ba sai da wuta ta ci gidan wasu. Ya durƙusa kusa da ita.

"Inna, yaya kika ga aikin namu?"

"Da saura," ta ce, ba ta dube shi ba. "Hannunku bai faɗa ba tukuna. Sai an yi ta maimaitawa."

"To, sai wata mai zuwa, in an sake gwaji."

"Wata?" Ta juyo ta harare shi, idanunta sun ciko. "Wutar ce ta ce maka za ta jira wata? Gobe da la'asar za ku sake sauko da ni. Kuma ba sai an kaɗa ƙarfe ba."