Ƙyallen Damia Ya Gaza Taƙi Ɗaya

Ranar zaɓen 'yan wasan jiha, Hazwani ta kasa ajiye jikinta wuri ɗaya. Tun a bas daga garinsu Taiping take buɗe jakar 'yarta Damia tana rufewa: ƙwallo na nan, kulake na nan, ƙyalle na nan a naɗe a jikin sandarsa. Har sai da yarinyar ta ce wa uwar, wadda take kira Ibu, "Ibu, jakar nan fa ba ta da ƙafa."

To ai dole hankalin uwa ya tashi. Yara biyu kacal za a ɗauka cikin ƙungiyar jiha ta gimrama, wato wasan motsa jiki da ake yi da kiɗa, kuma wadda ta wuce shekara sha biyu ba a sake waiwayarta. Damia bana ce shekararta ta ƙarshe. In ta samu, sai manyan gasa. In ta rasa, sai dai ta riƙa wasa da ƙyalle a tsakar gida.

A zauren wasa na birnin Ipoh an yi wasan zobe, an yi na ƙwallo, an yi na kulake, Damia tana ta uku a jerin maki. Hazwani ko nasi lemak, shinkafar kwakwar da ta ƙunso, ba ta taɓa ba, sai zirga-zirga tsakanin kujera da ƙofa. Abin da ke ɗan kwantar mata da rai shi ne saura ƙyalle, kuma duk wanda ya san Damia ya san nan ne gidanta. In yarinyar nan ta murza shi sai ka rantse maciji ne kore yake bin ta.

Sai aka kira su teburin awo. Matar awo ta shimfiɗa ƙyallen, ta ja, ta duba, ta sake ja. Ta ce ya gaza da taƙi ɗaya, ba za a shiga da shi ba.

Cikgu Siew Peng, mai koyar da su Damia, ta ce ba zai yiwu ba, ita ta sayo shi da hannunta kuma cikakke ne. Ta ɗaga bakin ƙyallen ta ga an kalmashe shi da ɗinki mai kyau, sabo fil. Ta juyo a hankali ta dubi Hazwani.

Nan Hazwani ta gane aikinta ne. Ashe duk wankin da take masa, in ta zo guga ta ga bakin ya yi geza, sai ta sa almakashi ta ɗan datse, ta kalmashe. Ɗan kaɗan fa, don kar 'yarta ta fita gaban mutane da tsumma. Ɗan kaɗan ɗin nan ne ya taru.

"Kak Wani," in ji Cikgu, haka take kiran Hazwani, "ƙyalle ne ko farcen jariri?"

Aka aro na wata yarinya. Damia ta fita baranda ta gwada jifa ɗaya, sandar ta fi tata tsawo, ta tafi can baya ta faɗa kan kujeru. Ta sake, ƙyallen ya naɗe mata a wuya. Ba ta yi kuka ba, wannan ne ma ya fi ƙona Hazwani. Cewa kawai ta yi, "Ibu, hannuna bai san shi ba."

Akwai wata tsohuwa, Anti Ooi, kakar Jia Wen, yarinyar da ke ta biyu. Kullum tana gefe tana ɓare lemo tana kushe ɗinkin kayan yaran mutane. Ita ce ta miƙo hannu ba tare da ta tashi ba, ta ce a kawo ƙyallen ta ga ɓarnar. Ta bar bakin da aka datse, ta kama ɗaya ɓangaren, wajen sanda, inda ake ninka ƙyalle biyu a ɗinke don ya yi nauyi. Ta ce tsawon yana nan a ɓoye cikin ninkin. A farke, a rage ninkin, a matsar da ɗan ƙarfen da ke haɗa shi da sanda, a sake ɗinkewa. Amma fa in ɗinkin ya saki a tsakiyar wasa, ƙyalle zai yi gabas, sanda ta yi yamma.

Cikgu ta dubi agogo ta ce su yi, ita za ta je ta ɗumama jikin Damia.

Suka zube a ƙasa bakin banɗaki. Hazwani ta zare allurar ɗankwalinta tana farke ɗinki, Anti Ooi ta zazzage jaka ta fito da allura da zare ja, shi kaɗai gare ta. Idonta bai ganin kafar allura, sai Hazwani ta zura zaren. Lasifika tana ta kiran sunaye. Duk sunan da aka kira sai Hazwani ta zabura ta miƙe, tsohuwa ta janyo ta da gefen riga.

"Zauna, 'yar nan. Lokacin da kike aski ai ba ki yi gaggawa ba."

Allura ta soki Hazwani, ta cusa yatsan a baki don kar jini ya taɓa siliki. Ta ɗinke ƙarfen, ta maimaita, ta sake maimaitawa, har Anti ta ce ya isa, ba buhun shinkafa ba ne. Hazwani ta kwasa da gudu zuwa tebur, takalmi ɗaya ya tsaya a baya. Matar awo ta ja, ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ya kai, da ƙyar.

An kashe na'urar sanyi saboda kar iska ta kwashe ƙyallaye, zauren ya koma kamar tukunya. Kiɗan Damia ya tashi. Hazwani ba ta ga rawar ba sam, ɗigon jan zaren nan kawai idonta ke bi, sama, ƙasa, sama. A jifa na farko ƙyallen ya tashi fiye da yadda ya saba don kansa ya rage nauyi, Damia ta ƙara taku ɗaya ta cafe. Daga nan ta gane shi. Da aka zo babban jifa, wanda take cillawa ta mirgina ƙasa ta tare da ƙafa, Hazwani ta damƙe hannun Anti Ooi har tsohuwa ta ce za ta karya mata ƙashi. Sanda ta sauko daidai, ƙyalle na biye da ita, ɗinki bai motsa ba.

Jiran maki ya fi komai tsawo. Hazwani ta fita, ta dawo, ta sake fita. Tana bakin ƙofa ta ji an kira: ta ɗaya wata yarinya daga Teluk Intan, ta biyu Damia. Ta biyu! Jia Wen ta koma ta uku.

Murna ta kama ta, sai ta hango Jia Wen ta kifa kai a cinyar kakarta, Hazwani ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta matsa, ta durƙusa gaban tsohuwar.

Anti Ooi ta ce, "Daina kallona kamar an yi mini mutuwa. Tawa shekararta goma, baɗi tana nan. Tashi ki je, ga taki can tana neman ki."

Damia kuwa tana tsakiyar kafet, an rataya mata rigar jiha wadda hannunta ya wuce yatsunta, tana ta ɗaga wuya tana duba cikin jama'a.