Mashin a Ɗakin Baffa Bobboyi

Hosea mutumin Guyuk ne, amma aikin koyarwa ya kai shi Mubi, kuma a can yake ranar da garin ya watse a shekarar 2014. Ya ɗora matarsa Jemimah a mashin, suka fito ko jaka babu. A bakin layi suka tarar da maƙwabciyarsu Goggo Zulaihatu, wata dattijuwa mai sayar da man shanu, tana tsaye riƙe da buta. Ba ta roƙe su ba. Ta dubi mashin ɗin, ta ce wa Jemimah ta matsa gaba.

Haka suka bi daji su uku. A wani kwazazzabo suka faɗi, madubin dama da na hagu suka karye tun daga gindi, wuyan Hosea ya bugu da dutse. Tun daga ranar bai ƙara iya waiwaye ba. In aka kira shi ta baya, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya.

Da suka iso Yola, Goggo ta kai su gidan ƙaninta Baffa Bobboyi, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Ya ba su ɗaki. Sun ce wata ɗaya za su yi, Goggo ta ce ba inda za su, maganar ta tsaya nan. A lokacin an hana hawa mashin a Yola da Jimeta, saboda haka aka tura na Hosea ɗakin ajiya da ke jikin zaure, aka rufe shi da tsohuwar tabarma.

A shekarar da ta biyo Baffa ya ji tsoron ɓarayi. Ya sayo ƙofar ƙarfe ta hannu a Jimeta, da aka kawo sai ta yi wa ɗakin ajiyar kaɗan. Bai mayar ba. Ya sa magini ya rage faɗin bakin ƙofar har ya yi daidai da ita. Yana ji da ƙofar nan. Baƙo in ya zo, yakan sa shi ya ƙwanƙwasa ya ji kaurinta.

Hosea ya yi shekaru yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Jimeta, kullum a keke Napep. Bana aka ba shi aiki a firamaren wani ƙauye da ke gaba da Sangere, inda keke ba ya shiga in an yi ruwa. Wani abokin aikinsa da ke zaune a Sangere ya ce a ajiye mashin a gidansa, Hosea ya riƙa zuwa a keke ya ɗauka ya ƙarasa. Aka ɗage tabarma.

Bakaniken da aka kira sunansa Nuruddeen. Da can mashin yake gyarawa, da aka hana ya koma keke. Ya tsuguna gaban mashin ɗin ya jima yana shafa tanki. A cikin ɗakin ya yi aikin duka, don kada a gani a waje a yi tsammanin wani abu. Ya wanke kafireto, ya sa sabon fulogi da tayoyi, ya buga kik har gumi ya jiƙa masa riga. Injin ya yi tari, ya tashi.

Saura madubi. Guntayen ƙarfen da suka karye sun yi tsatsa sun cije a cikin ramukansu, babu abin da zai fito da su.

"Malam, ka hau haka nan," in ji Nuruddeen. "Rabin 'yan mashin da hannunsu suke cire madubi."

"Su suna da wuya," in ji Hosea.

Washegari Nuruddeen ya dawo daga kasuwar Jimeta da wasu madubai zagayayyu, irin waɗanda ake sokawa a ƙarshen hannun mashin. Ya ce 'ya'yan masu kuɗi ke sa su a manyan mashina. Ya yanke bakin robar hannu da reza, bututun ƙarfe ya bayyana. Ya soka gindin madubin a ciki, ya ɗaure noti, abin ya buɗe ya kama. A ɓangaren totur ya bar ɗan fili, ya murɗa ya saki ya ga yana komawa. Duk da haka madubin suna ɗan rawa, don bututun ya fi gindinsu faɗi. Sai ya kwance su, ya naɗa musu gwangwani, ya kwaɓa gam irin mai bushewa kamar dutse, ya cika bututun, ya mayar.

"Waɗannan da mashin sai dai a binne su tare," ya ce.

Hosea ya hau ya zauna. A madubin dama ya ga Jemimah tsaye a bakin ƙofa tana share hannu da zani. Ya daɗe yana kallonta.

"Me kake kallo?" ta ce.

"Ina gwadawa ne."

Ranar Asabar aka kira a-kori-kura da zai kai mashin Sangere. Nuruddeen ya kama hannu, Hosea ya turo ta baya. Tayar gaba ta fita. Madubai biyu suka daki ƙarfen ƙofa a lokaci ɗaya.

Aka ja baya. Aka karya kan mashin hagu, madubi ɗaya ya leƙa waje, ɗayan ya maƙale. Aka karya dama, haka. Aka gwada fitar da shi da baya, bangon zaure ya tare taya. Aka kwantar da shi, fetur ya zubo wa direban a-kori-kura a ƙafa, ya koma motarsa ya zauna.

Baffa Bobboyi ya fito da carbi a hannu.

"Ba ta nan ya shiga ba?"

"Ta tsohuwar ƙofa ya shiga, Baffa," in ji Hosea.

"To a cire madubin."

Nuruddeen ya dubi ƙasa. Ya ce in za a cire, sai dai da zarto.

"A kawo zarto."

"Baffa," in ji Jemimah, "mutumin da ba ya waiwaye zai bi hanyar da tirela ke bi. Ni ba zan zauna a gida ina jiran labari ba."

Baffa ya ce shi ma ba ya son wani labari, amma ƙofa ƙofa ce. Ya fara bayanin yadda ya same ta. Bai yi nisa ba Goggo Zulaihatu ta fito daga cikin gida tana dogara sanda. Ta leƙa ɗakin, ta dubi mashin, ta dubi ƙofa.

"Bobboyi, a cire ta."

"Adda, ƙofar ƙarfe ce fa."

"Me take tsarewa?"

Baffa ya leƙa shi ma. Akwai mashin, akwai kujera mai ƙafa uku, akwai fankar da ta ƙone tun yana aiki.

"Mashin zai tafi," in ji Goggo. "Kujerar za a sace?"

Aka kira maginin da ya sa ƙofar. Ya sa guduma ya fasa simintin da ya shafa da hannunsa, bai yi tambaya ba. Baffa ya tsaya yana kallo har aka jingine ƙofar a bango, sannan ya ce rana ta yi, ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Ranar Litinin Hosea ya hau mashin daga Sangere. Da farko yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Da ya bar kwalta ya shiga hanyar gona, sai ya ga wani mashin a madubi. Mutum ɗaya ne a kai, ya naɗe fuska da rawani. Hosea ya rage gudu don ya wuce, mutumin ya rage. Ya ƙara, mutumin ya ƙara. Babu gida kusa, dawa ce dama da hagu ta fi tsayin mutum. Ya ja totur iya ƙarfinsa, mashin ɗin ya yi iya abin da zai iya, mutumin yana nan.

A bakin wani rafi hanya ta lalace, dole ya tsaya. Ya sauke ƙafa ya jira, bai juyo ba. Mutumin ya zo ya tsaya kusa da shi, ya sauke rawani. Dattijo ne, da jarkokin nono ɗaure a baya. Ya yi sallama, ya tambayi gida da iyali da aiki da ruwan sama, Hosea yana amsawa da ƙyar.

"Tun kwalta nake binka," in ji dattijon. "Wannan madubi a ina ake samu?"

Hosea ya ce a Jimeta. Ya kwatanta masa rumfar Nuruddeen. Dattijon ya sunkuya ya duba haƙoransa a madubin hagu, ya yi godiya, ya tsallaka rafi ya wuce.

Hosea ya kashe inji ya jima zaune a bakin ruwa kafin ya tsallaka. Ya isa makaranta an riga an shiga aji. Hedimasta ya tambaye shi dalili, ya ce hanya ce ba ta da kyau. Hedimasta ya ce haka take, zai saba.