Littafin Ƙanin Miji

Tun da ƙanin mijinta ya shigo shagon yana murza hannu, ta san yau ma an samo sabuwar manhajar kwamfuta. Ɗan ƙaramin shagon buga takardu ne, kwamfutar tebur ɗaya, sai firinta da fanka mai kuka. Shi kuwa a gida Marubuci ake ce masa, don tun kafin ta auri yayansa yake rubuta littafi a kan kiwon zuma, kuma har yau ba wanda ya ga shafi ɗaya.

"Anti, ɗan matsa. Na gano abin da ke hana ni aiki."

"Lalaci?"

"Rashin tsari! Wannan manhajar jera tunani take yi. Ki rubuta kan magana, ki sa 'ya'yansa a ƙarƙashi, ki sa jikoki. In kin so ki naɗe su, in kin so ki buɗe."

Ta taɓe baki ta ba shi kujera, albarkacin yayansa.

Ya rubuta Babi na Ɗaya. A ƙarƙashinsa ya sa Gabatarwa, a ƙarƙashin Gabatarwa ya sa Shimfiɗa. Ya ja Babi na Uku sama da linzamin kwamfutar, ya dawo da shi, yana dariya shi kaɗai. Daga nan ya shiga zaɓen launi. Wata malamar makaranta da ta kawo tambayoyin jarrabawa ta gaji da tsayuwa, ta kwashi takardunta ta tsallaka titi zuwa wani shagon. Matar yayan ta bi ta da ido, ranta na tafasa.

Sai bayan azahar ya miƙe yana miƙa kamar wanda ya sauke buhu.

"Anti, littafi ya tsayu da ƙafarsa. Buga min."

Ta zauna, ta buɗe abin da ya naɗe. Kawunan magana ne reras, kowanne da 'ya'ya da jikoki, amma babu jimla ko guda.

"Marubuci, ina zumar? Ko kudan ma ban gani ba. Amya ce kawai ka rataye."

Ya leƙo allon, ya sosa ƙeya.

"Ai dama manhajar ba ta yi min ba. Tana takura tunani. Akwai wata da abokina ya ce..."

"Wanda bai iya rawa ba, ganga yake zagi. Matsa min daga kan kaya."

Ya fita yana gunaguni wai ba a daraja ilimi a gidan nan. Ta goge manhajar, ta canza lambar sirrin kwamfutar.

Da yamma mijin ya biyo ɗaukarta, ya tambaya yaya aikin ƙaninsa.

"Ya yi nisa," in ji ta tana kulle ƙofa. "Saura rubutun."