Gwaggo Ta Hana a Ce Ummi

Da mijina Faruk ya sa wa jaririyarmu sunan mahaifiyarsa, ni har na gama zaɓen abin da za mu riƙa kiranta. Ummi. Wa zai buɗe baki a gidan nan namu na Gobarau ya ambaci sunan Gwaggo gatsal? Ni kuwa da nake suruka, ko a waje na haɗu da mai irin sunan, "mai sunan Gwaggo" nake cewa in wuce.

Ranar suna da hantsi, mata sun cika tsakar gida, sai ga Gwaggo ta shigo ɗakina tana dogara sanda. Na miƙa mata jaririyar na ce, "Gwaggo, ga Ummi."

Ta ƙi karɓa. "Wace ce Ummi kuma? Iklima, mi liman ya raɗa wa ɗiyar ga?"

Na sunkuyar da kai. Ta aika aka kira Faruk, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa da babbar rigarsa. Mutumin da ke tsawata wa ma'aikata a ofis, sai ga shi yana sosa ƙeya.

"Auta, hwaɗi sunan ɗiyarka in ji."

"Haba Gwaggo, ai sunanki ne."

"To ina ka taɓa jin shi?" Ta zauna a bakin gado, ta jingine sandar. "Da aka kawo ni gidan ga, Amarya aka ce da ni, har na yi goyo uku ina Amarya. Na kama dama hura, unguwa ta koma Mai Hura. 'Yan makarantar boko suka zo da Maman Habibu, da sunan babban ɗana. Na je Makka na dawo Hajiya. Yanzu har mai gyaran famfo Gwaggo yake ce mani. Duk na amsa, kuma duk ni ce, ban ƙi ko ɗaya ba. Amma mai kirana da sunan da ubana ya yanka mani rago, Saudatu ce kaɗai ta rage, bara kuma ta tahi."

Saudatu ƙawarta ce tun suna tallan gyaɗa. Wallahi sai da tausayinta ya kama ni, don ban taɓa tunanin mutum zai yi kewar sunansa ba.

Faruk ya miƙe, ya ce ana jiransa a zaure, ya tsere. Mata suka fashe da dariya. Gwaggo ma ta dara, ta karɓi jikarta, amma ta kafa doka: duk wanda ya ce Ummi ya fita daga sabgarta.

Haka muka shiga wahala. Yarinya ta zama "ke", ta zama "'yar nan". Faruk ya ƙirƙiro "Madam", Gwaggo ta harare shi ya bari. Ni kuwa in na ɗauko sunan, sai kunya ta sa in fasa.

Bayan mun yi arba'in, wata rana da la'asar ina shayar da ita. Gidan shiru, na ɗauka Gwaggo ta tafi barka maƙwabta. Yarinyar ta saki nono ta zuba mini ido, ta yi mini murmushin da ban taɓa gani ba. Ban san lokacin da sunan ya fito daga bakina ba.

"Zuwaira," na ce. "Zuwairata."

"Na'am!"

Daga bayan labule muryar ta fito, siririya, da sauri, irin ta yarinyar da aka kira daga wurin wasa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gwaggo ta ɗaga labulen, tana dariya tana goge ido da bakin mayafi.

"Yi haƙuri, na san ba da ni kike ba," ta ce. Ta zauna kusa da ni. "Ci gaba da abinki. Ƙara kiranta."