Inda Zibuyile Ta Cika

“Sa hannu a nan, da kuma nan,” in ji ma'aikaciyar ɗakin ajiye gawa na asibiti, ta turo takardar ta ƙarƙashin gilashi. “Ke ce matar marigayiyar ko?”

“Ni ce,” in ji Khethiwe.

Daga bayanta Thobile ta ja wani dogon tsaki, har mutanen da ke layi suka waiwayo. Thobile yayar marigayiyar ce. Tun da sassafe suka iso Durban daga ƙauyensu da ke Nkandla, ita da ƙanen mahaifinsu, Baffa Bhekifa.

“Malama, ni ce 'yar'uwarta, ciki ɗaya muka fito,” ta ce. “Wannan ƙawarta ce kawai, tare suke zama.”

Ma'aikaciyar ko kai ba ta ɗaga ba. “Baiwar Allah, ga takardar aure nan da hatimin gwamnati, shekara tara ke nan. In ba da hannunta ba, gawar nan ba ta fita.”

Haka dokar ƙasar nan take tun shekarar 2006: mace na iya auren mace, namiji na iya auren namiji, a je ofis a sa hannu a fito. To amma doka a cikin littafi take kwana, ba ta taɓa zuwa layin famfo ta ji abin da ake faɗa ba. Shekara tara Khethiwe da Zibuyile suka yi a gida ɗaya a unguwar Umlazi, ɗaya na ɗinka kayan 'yan makaranta, ɗaya na tuƙa bas. Masu gaishe su na gaishe su, masu kau da kai na kau da kai. Ranar aurensu ko mutum ɗaya bai zo daga Nkandla ba, kuma Baffa Bhekifa ya rantse a gaban dangi cewa ƙafarsa ba za ta taɓa taka gidan nan ba.

Khethiwe ta sa hannu. Da ta ga dama, da wannan alƙalamin za ta binne matarta a nan birni, ba mai ce mata uffan. Amma akwai alkawari a wuyanta. Tun ciwon zuciyar bai yi tsanani ba Zibuyile ta ce mata, “In na mutu, ki kai ni gida kusa da kabarin Inna. Ban ce ki aika da ni ba fa, cewa na yi ki kai ni.”

Suna fitowa baranda Thobile ta karɓe takardar ta cusa a jaka.

“To, an gode. Motar gawa za ta kawo ta ranar Juma'a, Asabar a binne. Ke kuma ki zauna a gidanki.”

“Yaya Thobile, ko a bayan mutane ne zan tsaya. Ba zan yi magana ba.”

“Ni ba yayarki ba ce. Ki tsaya a matsayin wa? In tsofaffi suka tambaya 'yar gidan wa ce ke, me za mu ce? Wa ya kai shanun sadakinki? Kin riga kin ba mu kunya tana raye, ki bar mu mu rufe ta cikin mutunci.”

Jiya wata lauya ta ƙungiyar kare masu irin aurensu ta gaya wa Khethiwe cewa da takardar aurenta, har 'yan sanda za su iya raka ta bakin kabari. Kai, wa ke son haka? A binne Zibuyile ga motar 'yan sanda tsaye a ƙofar gidan ubanta? Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, ta rasa inda za ta sa kanta.

Duk abin nan Baffa Bhekifa na tsaye a gefe. Tsoho ne dogo, ya yi shekara talatin yana dako a tashar jiragen ruwa kafin gwiwoyinsa su mayar da shi ƙauye. Yana sanye da tsohuwar kwat, a hannunsa kuma ga reshen magaryar kura naɗe cikin farin ƙyalle. Shi ba gawa ta kawo shi ba, kurwa ya zo ɗauka.

A al'adarsu kowa ya san yadda ake yi. Wanda ya mutu nesa da gida, babba ne zai je da reshen har daidai inda ransa ya fita, ya kira sunansa, ya ce masa taso mu tafi. Kurwar za ta maƙale a jikin ƙayar. Daga nan mai reshen ba zai ƙara magana da wani mai rai ba sai ya shiga gida, domin da zarar ya amsa wa wani, a nan kurwar za ta sauka. Da mamacin kaɗai zai riƙa magana, yana gaya masa kowace mota da aka shiga da kowane kogi da aka haye. In kuwa aka kuskure wurin, to itace kawai aka kai gida, mamaci yana can yana gararamba.

“Thobile, tambayo mana gadon da ta cika a kai,” in ji shi.

Wata nas ta duba littafi ta kai su sashen gaggawa, ta nuna gadon ƙarshe kusa da taga. A nan likita ya duba Zibuyile ranar Lahadi, a nan ya rubuta lokacin mutuwa. An yi sa'a ba kowa a kai. Nas ɗin ta ja labule, ita ma 'yar ƙauye ce, ba sai an yi mata bayani ba.

Khethiwe ta tsaya a bakin labulen. Ita kaɗai ta san cewa ba a kan gadon nan Zibuyile ta cika ba. Ranar Lahadi bayan sun ci abincin rana, Zibuyile ta kwanta a doguwar kujerar falo, ta ɗora kai a cinyarta, tana yi mata tsiya wai gishirin miyar ya yi kaɗan. Ta ja numfashi sau biyu, shi ke nan. Khethiwe ce ta ƙi yarda. Ta fita da ihu, maƙwabcinsu Sokhela ya fito da motarsa. Dattijon coci ne, ya sha faɗa a gaban jama'a cewa zamansu zunubi ne, amma ran nan ko takalmi bai tsaya sawa ba. Gawa suka kawo asibiti, takarda kuwa ta ce a asibiti aka mutu.

Yau kwana uku tana zama a kujerar nan, tana jin kamar ba ita kaɗai ba ce a falon. In ta yi shiru yanzu, su tafi da gawarsu da itacensu, su hana ta zuwa, Zibuyile kuwa tana nan gida tare da ita har abada. Wa zai sani? Kuma ai su suka jawo. Wallahi ta so ta yi shirun, ta so ƙwarai.

Baffa Bhekifa ya cire hula. Ya dafa ƙarfen gadon ya fara durƙusawa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya warware ƙyallen, ya buɗe baki.

“Baffa, tsaya,” in ji Khethiwe. “Ba ta nan.”

Ya juyo a hankali. Karo na farko ke nan da ya dubi fuskarta.

“A gida ta cika, a kan kujerar falo. Kafin mu iso nan ta riga ta tafi.”

“Ji makirci!” in ji Thobile. “Baffa, so take ta ja ka gidan nan ta karya maka rantsuwa. Ga takardar likita a jakata.”

“Likita bai ga fitar ranta ba. Ni na gani.”

Tsohon ya daɗe yana kallonta daga inda yake durƙushe. “Yarinya, me kike so a ba ki a kan wannan maganar?”

“Ba ciniki na zo yi ba, Baffa.”

“Kin san da kin kama bakinki, da tana wurinki?”

“Na sani. Kwana uku ina wannan tunanin.” Muryarta ta karye. “Amma gida ta ce tana so.”

Ya mayar da reshen cikin ƙyalle, ya miƙa wa Thobile hannu ta tashe shi.

Rana ta take sosai lokacin da suka sauka a Umlazi. Matan layin duk sun fito, wannan na shanya, waccan na shara inda ba datti. Thobile ta toge a bakin ƙofar waje ta harɗe hannuwa. Baffa Bhekifa ya tsaya a dokin ƙofa jim kaɗan, ya goge takalmansa, ya sunkuya ya shiga.

Falon ɗan ƙarami ne. Keken ɗinki a lungu, rigar aikin Zibuyile rataye a bayan ƙofa. A bango ga hoton ranar aure, su biyu suna dariya a kan matakalar ofis. Kusa da shi ga hoton yayansa, mahaifin Zibuyile, an goge gilashin tas. A kan tebur kuma kwalaben magani ne jere, da takarda manne a bango an rubuta lokacin shan kowanne da hannu.

“Tun yaushe take ciwo?” ya tambaya.

“Shekara biyu.”

“Shekara biyu! Ba wanda ya gaya mana.”

“Ta kira waya sau uku, Baffa. Ba a ɗauka ba.”

Ya dubi kwalaben, ya dubi hannuwan Khethiwe. “Wa ke ɗaga ta? Wa ke mata wanka?”

“Ni.”

“Nuna min wurin.”

Ta nuna gefen kujerar da ya lotsa. “Kanta a nan yake, a kan cinyata.”

“To zauna yadda kika zauna ran nan, kada mu sake kuskure.”

Ta zauna. Tsohon ya durƙusa a gabanta, ya ɗora reshen a kan kujerar, bakin reshen na taɓa cinyarta. Ya jero sunayen kakannin gidansu na Ndwandwe ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sassauta murya. “Zibuyile, 'yar wana, ni ne Bhekifa. Na zo a makare. Taso mu tafi gida, uwarki na jira.” Khethiwe ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba. Da ya ɗaga reshen, sai ta ji falon ya zama fanko, kujera kawai da tebur da keken ɗinki.

Daga nan bakinsa ya rufe ga masu rai. Sokhela, wanda ke leƙe ta kan katanga, ya ga reshen ya cire hula, ya je ya tayar da mota ba tare da an roƙe shi ba. Khethiwe ta ja ƙofa ta kulle ta bi su da silifas ɗin gida, don ta raka su tasha. Thobile ta harare ta amma ta ƙyale, tasha ai ba Nkandla ba ce.

A babbar tashar cikin gari motar Nkandla ta kusa cika. Thobile ta biya kujera uku: tata, ta Baffa, da ta reshen. Fasinjoji na ganin farin ƙyallen suka yi tsit, direba ya kashe rediyo. Baffa Bhekifa ya shiga layin bayan direba, ya zauna jikin taga, ya kwantar da reshen a kujerar tsakiya. Thobile ta wuce layin baya. Kujerar bakin ƙofa ce kaɗai ta rage.

“Saura mutum ɗaya!” direba ya yi kira, amma ƙasa-ƙasa.

Khethiwe na tsaye a rana, taku uku daga motar. Ta yi abin da za ta iya, kuma ba ta kai ta ba, aikawa ta yi. Wannan ne ke cin ranta. Ta ɗaga hannu za ta yi sallama, ta rasa wa za ta yi wa.

Tsohon ya sunkuya kan reshen, ya yi magana yadda duk motar za ta ji.

“Zibuyile, mun shiga mota. Za mu bi hanyar arewa, in mun zo kogin Thukela zan gaya miki.” Ya gyara murya. “Ga matarki can tsaye a rana. Matsa mata ta zauna, tafiyar da nisa.”

Ya jawo reshen kaɗan zuwa gefensa.

“Baffa!” in ji Thobile daga baya. “Baffa, me kake...”

Wata tsohuwa da ke kusa da ita ta dafe mata hannu. “Ke, rufa mana asiri! So kike ya amsa miki, ki zubar da 'yar'uwarki a tasha?”

Thobile ta dubi ƙeyar baffanta. Bai juyo ba, kuma ba zai juyo ba sai sun shiga gida. Ta haɗiye sauran maganar, ta kau da kai waje tana share ido da bayan hannu.

Khethiwe ta shiga, ba jaka, ba kayan canji. Direba ya ja ƙofa ya rufe. Da motar ta karya kwanar fita, reshen ya gangaro, wata lanƙwasasshiyar ƙaya ta fito ta bakin ƙyallen ta kama hannun rigarta. Ta kai yatsa za ta cire, sai ta fasa.

“Mun fita tasha, Zibuyile,” in ji Baffa Bhekifa. “Dukanmu muna nan.”